Yadda za ka zauna da wanda yake tambaya, “Me ya sa Allah ya bari?”

Shekara shida kenan da ƙanwata ta rasa ɗanta na fari. Yaro ɗan shekara huɗu, zazzaɓi ya kama shi ranar Alhamis aka ce ai maleriya ce, aka sayo magani a kemis, Asabar da dare sai jikinsa ya fara jijjiga muka ɗauke shi a kan mashin sai asibiti, kafin a samo jinin da za a ƙara masa ya cika, ko asuba ba a yi ba. Ranar Lahadi muna zaune ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, 'yan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, suna ta shiga da kulolin abinci, sai ta juyo ta kalle ni idonta a bushe ta ce, “Yaya, ina Allah yake jiya da dare? Ni fa tun ina 'yar shekara sha biyu nake cikin mawaƙa.”

Ni kuma a lokacin ina koyarwa a makarantar Lahadi, ina ganin dole in ba da amsa, sai na janyo mata Romawa 8:28, cewa Allah yana sarrafa kome domin amfanin masu ƙaunarsa. Ta kalle ni, ta tashi ta shige ɗaki. Wata uku ba ta sake ɗaga min wannan maganar ba. Ayar gaskiya ce, har gobe ina tsaye a kanta, amma na ɗora ta a kan ɗanyen ciwo, kuma abun yana damuna har yau. Shi ya sa nake rubuta wannan, don wanda zai je gidan rasuwa ko gefen gadon asibiti ko wajen wanda aka ƙona wa gida, ya san ta inda zai fara.

Toh abu na farko dai ka je. Kar ka tsaya a WhatsApp kana tura hoton kyandir da aya. Mutane da yawa suna ƙin zuwa ne saboda tsoron ba su san me za su ce ba, alhali ba magana ake nema wajenka ba a ranar. Ka duba abokan Ayuba guda uku, Elifaz da Bildad da Zofar. Mutumin nan ya rasa 'ya'ya goma a rana ɗaya, bakwai maza uku mata, da tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, ga gyambo daga tafin ƙafa har kai. Da suka iso suka gan shi ba su ma gane shi ba, suka fashe da kuka, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai dare da rana babu wanda ya ce uffan, domin sun ga zafin ya yi yawa (Ayuba 2:13). A duk littafin nan, wannan satin ne kaɗai suka yi daidai. Ranar da suka buɗe baki ranar suka fara ɓata abu.

Saboda haka ka shiga, ka gaisa yadda aka saba, “Sannunku da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku,” ka nemi kujera ko tabarma ka zauna. Ka kashe ƙarar wayarka. In akwai abun yi ka yi, ɗebo ruwa, jera kujerun roba, sayo fiya wata, riƙe yaran gidan a kai su wajen maƙwabta su ci abinci, tsayawa a bi layi a karɓo takardar asibiti. In za ka ba da kuɗi ka naɗe ka ba wanda yake riƙe da hidimar gidan a gefe, ba sai kowa ya gani ba. Kuma ka kira sunan wanda ya rasu. Wannan na koya daga baya: ƙanwata ta ce abun da ya fi yi mata ciwo shi ne kowa yana cewa “yaron” “yaron” kamar an hana faɗin sunansa, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu Musulma da ta shigo gaisuwa ta kira sunan ta ce shi ne mai zuwa roƙon ƙuli-ƙuli a ƙofarta kullum da yamma, a nan ne ƙanwata ta samu ta yi kukan da ya ƙi zuwa tun safe.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, wato abun da ba za ka faɗa ba.

Kar ka kuskura ka ce “ki bincika kanki” ko “akwai abun da aka yi a gidan nan.” Na ji wannan da kunnena a zaman makokin nan namu, wata ta faɗa a hankali a bayan rumfa wai ƙila ba a cire zakka. Wannan ita ce maganar Elifaz, shi ne ya tambayi Ayuba wai wane marar laifi ne ya taɓa hallaka (4:7). Bildad ma ya fi shi rashin tausayi, ya ce wa uban da ya binne 'ya'ya goma wai 'ya'yan ne suka yi zunubi Allah ya bashe su ga laifinsu (8:4). Ka ji fa. Kuma mutanen nan suna ganin Allah suke karewa. Amma a ƙarshen littafin Ubangiji da kansa ya ce wa Elifaz fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi (42:7). Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, wanda ya yi ta ƙorafi sura bayan sura, shi Allah ya ce ya faɗi daidai, kuma sai da ya yi musu addu'a aka karɓe su.

Yesu ma sau biyu ya rufe wannan ƙofar. A Yohanna 9 almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka ce, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. A Luka 13 kuma ya kawo labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu ta kashe, ya ce kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne? A'a. Toh in Ubangiji da kansa ya ƙi haɗa kowace masifa da wani laifi na wanda ta faɗa wa, kai wane ne da za ka haɗa? E, akwai wahalar da mutum yake janyo wa kansa, mai shan giya ya hau mashin ya faɗi ba sai an yi wahayi ba kafin a san dalili, amma ko shi ɗin ba a gefen gadonsa za ka yi masa lissafi ba.

Haka nan maganar maita. Da zarar an ce mutuwar ba ta Allah ba ce, sai ido ya koma kan wata tsohuwa a gidan, ko kishiya, ko matar mamacin, wani lokaci ma ƙaramin yaro, daga nan gida ya tarwatse an yi rashi biyu. In wani ya zo da sunan annabci yana nuna mutum da yatsa, ko yana cewa a kawo kuɗi ko akuya a karya la'anar gida, kai da kake zaune a wurin ka tashi ka sanar da faston ekklesiya ko dattawa tun maganar ba ta yi nisa ba. Mai baƙin ciki ba shi da ƙarfin ƙin irin waɗannan mutanen, sai wani ya tsaya masa.

Akwai kuma maganganu masu kama da ta'aziyya da suke yanka: “Allah ya fi ki sonsa,” “ai kina da ƙuruciya za ki haifi wani,” “Kirista ba ya kuka kamar marasa bege.” Wannan ta ƙarshen ma juya aya aka yi. Bulus a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, irin baƙin cikin marasa bege ya hana. Shi ɗin ne kuma ya ce ku yi kuka tare da masu kuka (Romawa 12:15).

Sai abu na gaba, ka bar shi ya yi ƙorafi, ko da maganar ta ba ka tsoro. In ya ce “Allah ya yashe ni,” kar ka yi saurin toshe masa baki da “kai, kar ka yi saɓo.” Buɗe Zabura 13 ka gani, sau huɗu Dawuda yake tambaya har yaushe, har yaushe za ka manta da ni. Zabura 88 kuwa daga farko har ƙarshe babu inda ta juya ta koma yabo, da duhu ta rufe, kuma an bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki ba a cire ba. Habakkuk ya fara littafinsa da tambayar har yaushe zai yi ta kuka Allah bai ji ba. Akwai littafi guda ma sunansa Makoki. Mutumin da yake yi wa Allah ƙorafi har yanzu da Allah yake magana, wanda ya kamata ka ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru gaba ɗaya. In ya yarda, ka karanta masa ɗaya daga cikin zaburorin nan a hankali, ka rufe littafin, kar ka ɗora wa'azi a kai.

Toh yaushe ne za a ba da amsa kenan? Ni inda na samu haske shi ne Yohanna 11. Li'azaru ya mutu, Yesu ya iso bayan ya kwana huɗu a kabari, kuma an aika masa tun yana ciwo amma ya ƙara kwana biyu a inda yake. Marta ta tarye shi ta ce, Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Can Maryamu ta zo ta faɗi a ƙafarsa ta faɗi maganar nan ɗaya sak. Amma duba yadda ya yi da su. Marta ya tsaya ya yi magana da ita a kan tashin matattu, ya ce shi ne tashin matattu da rai, har ya tambaye ta ko ta gaskata. Maryamu kuwa bai yi mata bayanin kome ba, ya tambayi inda aka sa shi, sai ya yi hawaye. Ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi, duk da haka ya yi kuka. Tambaya ɗaya ce a baki, amma ɗaya tana neman abun da za ta riƙe, ɗaya kuka take yi. Aikinka ka saurara har ka gane wacece a gabanka. Ƙanwata a ranar Lahadin nan Maryamu ce, ni kuma na amsa mata kamar Marta.

Yawanci ranar Marta tana zuwa daga baya, bayan sati uku ko wata biyu, an kwashe rumfa, baƙi sun watse, sai mutum ya kira ka ya ce “zo mu yi magana, ni fa na kasa addu'a.” A ranar kar ka gudu, kar kuma ka yi kamar bangaskiyarmu ba ta da abun cewa. Tana da shi.

Ka fara da cewa Allah bai halicci mugunta ba. Farawa 1 ta ce ya duba dukan abun da ya yi, ga shi yana da kyau ƙwarai. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430 lokacin da maƙiya suke kewaye da garinsa, ya koyar da cewa mugunta ba wata halitta ba ce mai zaman kanta, lalacewar abu mai kyau ce. Kamar gara ce a jikin azara, ko tsatsa a jikin kwano, sai da abu mai kyau take samun wurin ci. Ta ina ta shigo? Ta 'yancin da Allah ya ba mutum. Ya so 'ya'ya masu ƙaunarsa da son ransu, ƙauna kuwa ba a yin ta dole, duk wanda ya ga auren dole ya san haka. Hannun da aka sake shi ya iya rungumar ɗan'uwa, shi ne kuma zai iya ɗaukar adda, kamar yadda Kayinu ya yi wa Habila tun a Farawa sura ta 4. Wanda ya sayar da maganin jabu, wanda ya cinye kuɗin gyaran hanya, wanda ya shiga ƙauye da bindiga cikin dare, da ƙafarsa ya je, kuma ka gaya wa mai baƙin ciki a fili cewa abun da aka yi masa mugunta ce, Allah yana ƙinta, zai kuma yi shari'a a kanta. Kar ka shafa mata mai da “haka Allah ya so.” Abun da Allah ya bari daban, abun da yake jin daɗinsa daban, Makoki 3:33 ta ce ba da son zuciyarsa yake wahalar da 'yan adam ba.

Uwa irin ƙanwata za ta ce maka, to sauron da ya ciji ɗana wane 'yanci ya yi amfani da shi? Tambaya ce mai kyau, kar ka kauce mata. Romawa 8:20-22 ta ce halitta duka an sa ta ƙarƙashin lalacewa, tana nishi kamar mace mai naƙuda. Ciwo da fari da ambaliya da mutuwa duk alamun duniyar da ta karye ne, ba haka aka yi ta ba tun farko, ba kuma haka za ta tabbata ba. Amma dalilin da ya sa ɗanki ne ba na wata ba, ranar Asabar ɗin nan ba bayan shekara saba'in ba, wannan ka ce mata gaskiya, Allah bai bayyana mana ba, kar ka ƙirƙiro masa dalili. Ko Ayuba, da Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa daga sura 38 har 41, tambayoyi ya yi ta yi masa a kan harsashin duniya da taurari da jimina da doki, bai taɓa gaya masa abun da ya faru a sura 1 da 2 ba, wato yadda aka ba Shaiɗan izinin gwada shi. Ayuba bai samu bayani ba, amma ya samu Allah da kansa, ya ce da ji nake ji yanzu kuwa idona ya gan ka.

Daga nan ka kai shi gindin gicciye, domin a nan ne amsarmu ta Kirista take da nauyi. Allahn da muke bi bai tsaya a sama yana kallon wahala daga nesa ba. An haife shi a gidan talakawa, an gudu da shi Masar yana jariri saboda Hirudus, abokinsa ya sayar da shi a kan azurfa 30, aka yi masa shari'ar ƙarya cikin dare, a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon nan ba a ɗauke ba, a kan gicciye kuma ya ɗaga murya da Zabura 22, ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni (Markus 15:34). Tambayar da ƙanwata ta yi ƙarƙashin rumfa, Ɗan Allah ya riga ya yi ta da bakinsa. Kuma Uban ya san abun da ake nufi da mutuwar ɗa. Mugunta mafi girma da aka taɓa yi, kashe marar laifi, ita ce Allah ya juya ta zama hanyar ceto a rana ta uku. Shi ya sa ko ba mu san dalilin wahalarmu ba, mun san dalilin ba rashin ƙauna ba ne. Sai ka rufe da Ru'ya ta Yohanna 21:4, ranar da zai share kowane hawaye, babu sauran mutuwa ko makoki ko azaba.

Maganar cewa Allah yana fitar da alheri daga cikin wahala kuwa, gaskiya ce, amma ka bar mai wahalar ya faɗe ta da bakinsa. Yusufu yana da shekara 17 aka jefa shi rijiya aka sayar, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, sai da aka yi shekara bakwai na ƙoshi da biyu na yunwa, wato shekara 22 bayan an sayar da shi, kafin ya ce wa 'yan'uwansa Allah ne ya aiko shi gaba don ceton rayuka. Da wani ya leƙa bakin rijiyar ya faɗa masa haka a ranar farko, da zalunci ne. Mu a Arewa mun ga irin wannan da idonmu. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe daren 14 ga Afrilu 2014 akasarinsu 'ya'yan cocin EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wasu har yau ba su dawo ba. Leah Sharibu, wata ɗaliba Kirista, an ɗauke ta a Dapchi a Fabrairu 2018. Rabaran Lawan Andimi na Michika, a bidiyon da aka saki yana hannun Boko Haram kafin su kashe shi a Janairu 2020, ya ce bai karaya ba domin kome yana hannun Allah. Maganar ta girgiza mutane ne saboda shi ya faɗe ta, yana cikin wutar. In ni da nake kwance a ɗakina na faɗa wa iyayen Chibok irinta, ba nauyi ɗaya ba ne.

Sai ka ci gaba da komawa. Wannan ne mutanenmu suka fi kasawa a kai, ranar jana'iza coci ya cika har waje, bayan wata ɗaya ko kare ba ya leƙa gidan. Sa ranar a wayarka, ka koma bayan sati biyu, bayan kwana arba'in, ranar Kirsimeti ta farko, ranar da abun ya cika shekara. In gwauruwa ce ka tambayi kuɗin makarantar yara da kuɗin haya, ka kuma sa ido ko dangin miji sun fara kwashe kaya ko takardun fili, in haka ne a kai maganar gaban dattawan ekklesiya da wuri. Yakubu 1:27 ta ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu. In ya daina zuwa sujada kar ka tsawata masa, ka ce in ya shirya za ka biyo ku tafi tare ku zauna a bencin baya. In kuma ka ga makonni suna wucewa ba ya ci, ba ya barci, ya koma kwalba ko ƙwaya, ko yana cewa gara ya bi wanda ya tafi, kar ka bar shi shi kaɗai, ka gaya wa na kusa da shi, ku kai shi wajen likita. Addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna.

Ni bayan wata ukun nan na je gidan ƙanwata da yamma na same ta tana tsince wake a faranti. Na zauna a kan turmi na ce mata, “Ki yafe min maganar da na yi miki ranar nan, ban saurare ki ba.” Ba ta ce kome ba, ta turo min farantin muka ci gaba da tsincewa tare har magariba ta yi. Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa ta ce in dawo ranar Laraba da Littafina, akwai wurin da take so in karanta mata, wurin da Yesu ya yi kuka.